Mai Gyaran Agogo a Tafkin 'Yan Sikawut

Tun da na dawo daga Maiduguri ban samu na gyara agogo ɗaya cikin natsuwa ba. Duk wanda ya zo rumfata a bakin kasuwar Yauri, kafin ya miƙo agogonsa sai ya ce, "Malam Sahabi, wai da gaske ne kifi ka je kamawa Barno?" Wasu ma ba su da agogon, zuwa kawai suke yi su cika mini benci. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura labarin yana ƙara tsawo a bakin mutane, don jiya wani ya rantse mini cewa kada na kama da hannu. Saboda haka ga yadda aka yi, kowa ya karanta ya bar ni in yi aikina.

Ga wanda bai san ni ba, gyaran agogo ne sana'ata, shekara talatin da biyar ke nan. A Yauri aka haife ni, kogi yana bayan gidanmu, amma tsakanina da shi gaisuwa ce daga nesa. Ban taɓa jefa fatsa ba, ban iya iyo ba. Kwalekwale sau ɗaya na shiga, ranar ta'aziyyar wani kawuna a tsallake, kuma a kwance na je, a kwance na dawo. Ni kifi a kwano na san shi.

'Yata ta fari tana aure a Maiduguri, unguwar Moduganari. Ba na kiran sunanta, Maman Yagana nake ce mata. Mijinta Malam Bukar Babarbare ne, malamin firamare, kuma shi ne shugaban 'yan sikawut na makarantarsu, yaran nan masu kaki da ƙyalle a wuya. Shekara goma sha biyu da auren, amma in aka tara duk maganar da ta taɓa shiga tsakanina da shi ba za ta cika minti goma ba. Yana jin kunyata, ina jin kunyarsa. In ya kira ni a waya, daga muryarsa nake gane a durƙushe yake.

To, wata Laraba ya kira. Bayan gaisuwa ya ce, "Baba, yaranmu suna da ɗan taro Asabar ta sama. Muna roƙon Baba ya zo ya sa mana albarka."

Na ce Allah ya kai mu.

Sannan ya ce, "In ba takura, Baba ya taho da kayan aikinsa, yara su ga yadda ake yi."

Daɗi ya rufe ni. A zamanin da kowa ke duba lokaci a waya, ga wani yana so yara su ga cikin agogo. Ban tambaye shi komai ba, don ba a yi wa suruki tambaya biyu a jere. Na ɗauko jakata na zuba ƙananan sukudireba, hantsaki, madubin da nake maƙalawa a ido ɗaya, da agogo goma sha huɗu masu aiki. Na ƙara da wani tsohon agogon tebur mai ƙararrawa biyu a ka, wanda na gada daga maigidana.

Daga Yauri zuwa Kano babu abin faɗi sai ramuka da ciwon baya. Na kwana gidan wani ɗan ƙanena, da safe na shiga motar Maiduguri. Direbanmu mutum ne mai amsa ɗaya. Ko me ka tambaye shi sai ya ce, "Yanzu za mu isa." Ya faɗa a Wudil, ya faɗa a Azare, ya faɗa a Potiskum lokacin da yake kwance ƙarƙashin motar da sifana a hannu. Gyaran nan ya cinye mana awa uku. Da muka iso Damaturu aka ce an rufe hanyar Maiduguri sai gobe, don ba a bin ta da yamma. Mu a wajenmu hanya ba ta da ƙofa. Can kuwa tana da lokacin buɗewa da na rufewa kamar kanti. Muka kwana a tasha, kowa ya yi matashi da kayansa.

Washegari Juma'a muka kama hanya. Kafin a shiga Maiduguri akwai wani shinge da kowa ke sauka, ka ɗaga katin shaidarka sama, ka taka da ƙafa har ka wuce, kamar mai shiga wata ƙasa. Kaya kuma a jera su a bakin titi. Wani matashin soja yana bin jakunkuna ɗaya bayan ɗaya, sai ya zo kan tawa ya tsaya. Ya sunkuya ya kara kunne. Ya miƙe a hankali ya ja baya taku uku.

"Jakar wa ce wannan?"

Na ɗaga hannu.

"Mene ne yake tik-tik a ciki?"

Na buɗe baki zan yi bayani, sai tsohon agogon maigidana ya saki ƙararrawarsa.

Ban taɓa ganin mutane sun kwanta da sauri haka ba. Direba ya koma ƙarƙashin motarsa. Wata Hajiya da ta yi ta kukan ciwon gwiwa tun daga Kano ta tsallake kwalbati ta faɗa ciyawa tana kalmar shahada. Ni kaɗai na rage a tsaye, kuma Allah ya gani, abin da ya fara zuwa raina shi ne na duba agogon hannuna na ga ƙarfe tara daidai, na ji daɗi tsohon bai yi latti ba.

Babban sojojin ya sa na buɗe jakar da kaina, daga nesa. Da ya ga abin da ke ciki ya yi dariya har ya dafa buhun yashi. Daga nan ya kwance nasa agogon ya ce wata biyu ke nan yana gudu. Wani ma ya kawo nasa. Na zauna a kan dutse na gyara guda biyu, fasinjoji suna tsaye a rana suna kallona. Daga wurin har cikin gari babu wanda ya ƙara yi mini magana. Hajiyar nan ma canza kujera ta yi.

Abin da na fara lura da shi a Maiduguri, babu babur ko ɗaya a titi, sai keke mai ƙafa uku kamar fara. Na biyu ƙamshi. Mace za ta wuce naɗe da lafaya, ta sha kwana ta ɓace, turarenta yana nan tsaye yana jiran wata. Mai keken da ya ɗauke ni ya bi ta gaban wata ƙatuwar kasuwa maƙil da mutane, ya ce Kasuwar Litinin ke nan.

Na ce, "Yau ai Juma'a ce."

Ya ce, "E, Baba."

"To, ran Litinin fa?"

"Haka take."

Ban ƙara tambaya ba.

Tun da ba zan kwana gidan 'yata ba, Malam Bukar ya nema mini masauki wajen maƙwabcinsa Malam Ishaku, wani Bamargi da ya yi ritaya daga aikin akawu, yanzu yana hidima a cocinsu, kuma shi ke kula da 'yan sikawut ɗin cocin. Ya girme ni da kaɗan, amma da gajeren wandon kaki na same shi, da doguwar safa, da usur a wuya. Kafin in yi sallama ya ƙame ya sara mini da yatsa uku. Na rasa yadda ake amsawa, sai na ce masa sannu da aiki. Matarsa ta kawo tuwo da wata miyar ganye mai tsami da kifi, irin ta mutanensu. Na ci har na ji kunya, na ƙara.

Ina cikin suɗe ƙaya na ga yana kallona yana gyaɗa kai. Ya ce wa matarsa, "Kin ga yadda yake raba ƙaya da tsoka? Sana'a ba ta ɓuya."

Na ɗauka hannun gyaran agogo yake nufi, na yi godiya.

Bayan la'asar ya ce mu je in ga wurin taro. Muka bi ta bayan unguwa har wani tafki da kogin Ngadda ya bari bayan ya janye. An share bakinsa tas, an kafa tantuna uku, an yi wani ɗan dandamalin katako da ya shiga cikin ruwa. Tsakanin bishiyoyin darbejiya biyu kuma an ɗaure wani ƙaton ƙyalle. Na ɗaga kai na ga kaina. Ni ne, da ƙuruciyata kaɗan, na rungume giwan ruwa mai tsawon yaro ɗan shekara bakwai. A ƙasa an rubuta: RANAR SU TA AL'UMMA. BARKA DA ZUWA SARKIN RUWAN YAURI.

Na san hoton. A makon bikin 'yata wani masunci ya zo rumfata da kifinsa a kafaɗa, ya ce in riƙe masa ya kwance agogonsa. Mai hoton biki yana wucewa ya ɗauka. Ashe hoton ya bi kayan amarya har Barno.

Na ce, "Malam Ishaku, akwai kuskure. Ni agogo nake gyarawa."

Ya yi murmushi ya dafa kafaɗata. "Haka manyanku suke. Wanda ya iya ba ya faɗa."

Sannan ya ba ni labarin tafkin. A da juji ne. Tun bayan ambaliyar da ta ci unguwarsu, iyaye ba sa son jin an ce yaro ya je kusa da ruwa, har wasu suka kai kuka wajen Bulama, wato mai unguwa, cewa a cike tafkin da ƙasa a huta. Malam Bukar ne ya roƙi a ba shi dama. Ya haɗa ƙungiya uku, yaran makarantarsa, da na coci, da 'yan matan unguwar Ajilari. Wata uku suna kwasar leda da kwalabe, suna koyon ceton wanda ya faɗa ruwa. Wani mai kiwon kifi ya ba su kyautar tarwaɗa aka zuba. Bulama ya ce zai zo da kansa ya gani. In jama'a sun ga amfanin wurin, ya zauna. In ba su gani ba, motar ƙasa za ta zo ta cike shi.

"Rabin waɗanda za su zo gobe," in ji Malam Ishaku, "kai za su zo gani."

Da magariba Malam Bukar ya zo gaishe ni. Ya durƙusa a bakin ƙofa yana kallon tabarma, ni ina kallon rufi. Na tattara ƙarfin halina na ce, "Malam, game da kayan aikin nan da ka ce in taho da su..."

Ya yi sauri ya ce, "Baba kada ya damu. In na sirri ne ba sai kowa ya gani ba."

Ya tashi da baya da baya ya fita. Na aika a kira mini Maman Yagana, aka ce tana kan girki. Na sake aikawa, aka ce tana salla. A nan na gane ita ta san abin da ake ciki.

Asabar da hantsi wurin ya cika. Yara wajen sittin suka yi fareti da ganga, suka wuce ta gabana suna sara mini. Iyaye suka shimfiɗa tabarmi nesa da ruwa, kowa ya sa wa nasa ido. Bulama yana kan kujera, wani yana riƙe masa lema. Ana ta "wushe, wushe," wato sannu da Barbarci, ana ɗan tafa hannu a hankali wajen gaisuwa. Ni ma na koya, na yi ta tafawa har ga wanda bai gaishe ni ba.

Aka kawo mini mahaifiyar Malam Bukar mu gaisa, Ya Falmata, wata tsohuwa siririya da ta yi shekara arba'in tana sayar da bandar kifi. Ta gaishe ni da Hausarta mai kaurin Barbarci, amma ba fuskata take kallo ba. Hannuwana ta zuba wa ido, ta daɗe, sannan ta ce "to," ta koma ta zauna.

Malam Ishaku ya hura usur, ya ɗauki abin magana ya ce babban baƙo ne zai fara jefa fatsa. Aka miƙo mini sanda da zare da ƙugiya, da gwangwanin tana. Na sa hannu na kamo tana ɗaya, ta sulale. Na kamo wata, ta naɗe mini yatsa. Mutane ɗari biyu suna kallo. Sai na yi abin da na iya. Na buɗe jakata, na maƙala madubi a ido, na ɗauki hantsaki na kama tanar a wuya, na zura ta a ƙugiya a hankali kamar ina sa allurar sakan.

Wani dattijo ya ce, "Allahu akbar. Ilimi ke nan." Da na ɗago na ga yara sittin duk sun kanne ido ɗaya suna sa tana.

Na ja sandar baya na wurga da ƙarfi. Ƙugiyar ta kama bayan babbar rigata ta kifo mini ita a ka. Ina cikin duhu ina lalube na ji muryar Malam Ishaku a lasifika: "Yara, kun gani? Baba yana nuna muku abin da ba a so ku yi. A tafa masa!" Aka tafa.

Daga nan kowa ya jefa tasa, aka zauna jira. Minti talatin. Awa ɗaya. Awa ɗaya da minti arba'in. Ko motsi. Ga kifin muna ganinsu jefi-jefi, su taso su kalli tanar su juya kamar an yi musu tayin abin da suka fi ƙarfi.

Jikata Yagana, 'yar shekara goma sha ɗaya, tana cikin ƙungiyar 'yan mata. Ta matso kusa da ni ta ce, "Angona, in faɗa maka wani abu ba za ka faɗa wa Babana ba?"

Na ce, "Ni da babanki ai ba ma hira."

Ta ce, "Dokarmu ce kullum mu yi aikin alheri ɗaya. Da safe muka ce kifin nan yau za su mutu, bai kamata su mutu da yunwa ba. Muka zuba musu dusa kwano huɗu."

Wani yaron coci da ke gefe ya juyo. "Mu ma mun ba su burodi da sauran shinkafa."

Na makarantar Malam Bukar sai ya sunkuyar da kai. Daga baya aka gano su tun asuba suka zo da rabin buhun abincin kaji.

Rana ta take. Iyaye suka fara naɗe tabarmi. Wata mata ta zo ta kama hannun ɗanta tana cewa dama ta faɗa. Bulama ya duba agogonsa sau uku, kuma daga inda nake na ga yana latti da minti bakwai. Na hango Malam Bukar tsaye a bakin ruwa, hularsa a hannu, yana kallon tafkin da ya yi wata uku yana kwasar ƙazantarsa. Ban taɓa kallon fuskarsa sosai ba sai ranar. Ashe har ya fara furfura.

Malam Ishaku ya zo ya damƙa mini abin magana, ya raɗa mini, "Yi wani abu. Ko kirari ne ka yi musu." Sannan ya sanar cewa Sarkin Ruwa zai yi wa kifi magana.

Na hau dandamalin katakon nan. Na yanke shawara in ɗauke laifin daga kan yaran da surukina in ɗora a kaina, tun da dai hotona ne a ƙyalle. Na ce, "Jama'a, ku gafarce ni. Ni ba masunci ba ne. Ban taɓa kama kifi ba. Kifin da ke hoton can riƙo aka ba ni."

Sai wani ya ce, "Kai, tawali'u!" Aka ɗauki tafi.

Na ce, "Wallahi agogo nake gyarawa!"

Tafi ya ƙaru. Bulama ma ya gyaɗa kai.

Na ce, "Ku saurare ni, ko iyo ban iya ba, in na faɗa ruwan nan..." Na ja da baya don in nuna musu ruwan da nake nufi, ashe katako ya ƙare.

An ce ruwan iya ƙirjina ne. Ni dai a lokacin na tabbata ba shi da ƙasa. Ƙafafuna suka nutse a laka, babbar riga ta buɗe ta kumbura, na yi ta dukan ruwa da hannu biyu ina kiran sunan Allah da na mahaifiyata. Sai na ji usur ta ko'ina. Yaran nan wata uku suna jiran wani ya faɗa ruwa. Duk sittin ɗin suka afko. Igiya ta zo daga gabas ta kama mini hannu, wata daga yamma ta kama ɗayan, 'yan matan Ajilari suka sami wuyan rigata. Kowace ƙungiya ta ja wajen tantinta. Ina tsakiya ban matsa ko'ina ba, sai juyawa nake yi.

Da iyaye suka ga 'ya'yansu a ruwa, su ma suka faɗo, maza da mata, da takalma da komai. Cikin minti biyar tafkin ya koma kunu. Ashe in laka ta tashi haka, kifi ba ya iya numfashi a ƙasa. Sai ga kawunan tarwaɗa suna ɓullowa ko'ina, gashin baki a sama, cikinsu ƙato da dusa, ko gudu ba sa iyawa.

Ya Falmata ce ta fara ganewa. Ta miƙe ta ƙwala wata magana da Barbarci, ta fizge kwandon wata mai sayar da gyaɗa ta kife gyaɗar a tabarma, ta tattare zani ta shiga ruwa. Mata suka kwance lafaya, biyu-biyu suna riƙe bakinta suna ja kamar taru. Maza suka sa huluna da riguna. Matar da ta ce dama ta faɗa, na gan ta da tarwaɗa a kowace hammata tana kiran ɗanta ya kawo bokiti. Bulama ya karɓi lemarsa daga hannun mai riƙe masa, ya juya ta, ya shiga har gwiwa ya kwaso uku a tashi ɗaya.

Ni ban ga ƙarshen abin a tsaye ba. Da suka fitar da ni suka kwantar da ni a gadon ɗaukar marasa lafiya. Na ce lafiyata ƙalau, suka ce ba a tambayar wanda aka ceto. Ƙungiya ɗaya ta naɗe mini kai da bandeji, ɗaya ta ɗaure hannun dama, ɗaya ta sa wa ƙafar hagu katako. Suka zagaya tafkin da ni sau biyu ana kiɗa ganga. Takalmina ƙafa ɗaya yana can cikin laka har yau.

Da la'asar aka hura wuta wuri shida. Aka gasa, aka soya, aka yi farfesu, aka kawo burabusko daga gidaje, wani abincinsu na tsakin gero. Limamin unguwa da Malam Ishaku suna kwano ɗaya suna gardamar wanda ya fi kamawa. Bulama ya miƙe, wandonsa jiƙe, ya ce shi tun yana yaro rabonsa da irin wannan rana, kuma duk wanda ya ƙara zuba shara a tafkin nan zai gamu da shi. Maganar motar ƙasa ba ta ƙara tashi ba. Malam Bukar ya zo ya durƙusa gefen gadona, hawaye suna zuba. Da hannun da ba a ɗaure ba na miƙa masa kan kifi, ya karɓa da hannu biyu. Malam Ishaku kuwa ya zo da littafinsa yana tambayar sunan wannan salon kamun da Hausar Yauri, da ko dole sai babba ne zai fara faɗawa.

Lahadi da safe ina haɗa kaya, sanye da takalman fareti na Malam Ishaku da ya ba ni, sai ga Maman Yagana. Ta zauna a bakin ƙofa ta juya mini gefe.

Ta ce, "Baba, ka yafe mini."

Na ce, "Me ya sa ba ki faɗa musu ba tun farko?"

Ta ce, "Da aka kawo ni garin nan ban san kowa ba, ba na jin yarensu. Wata biyu ina zaune a ɗaki, in an yi dariya ban san me aka ce ba. Ran nan Ya Falmata ta ga hoton, ta zauna kusa da ni ta ce, wannan wane kifi ne? Ita ce magana ta farko da ta yi mini mai tsawo. Na ce giwan ruwa. Ta ce babanki ne ya kama? Na ce e. Washegari ta dawo ta ce in ƙara ba ta labari. Kullum sai ta zo. Ni kuma kullum sai na ƙara maka kifi ɗaya."

Shekara goma sha biyu ina tambayarta lafiya a waya tana cewa lafiya lau, ban taɓa tambayar yadda wata biyun farko suka kasance ba.

Muna haka sai ga Ya Falmata ta shigo da kwali ɗaure da igiya, bandar kifi ce tsarabata. Ashe ta ji ƙarshen maganar. Ta ajiye kwalin ta zauna.

Ta ce, "Malam Sahabi, ni tun ranar na sani. Masunci ta baki yake riƙe kifi, ko ta wutsiya. Kai ka rungume shi kamar za a raɗa masa suna."

Maman Yagana ta ɗago da sauri. "Ya, kin sani? To, me ya sa kike ta tambayata?"

"Yarinya tana zaune ba ta magana, ba ta cin abinci. In na tambayi kifi sai ta yi magana, in ta yi magana sai ta ci. To, me zan tambaya?" Ta juyo wajena. "Kuma labarin da daɗi. Akwai wanda ka yi kokawa da dorina."

Maman Yagana ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa, ban san ko kuka take ko dariya ba. Ina jin duka biyun ne.

Na ce, "Ya Falmata, to yanzu sai a faɗa wa Malam Bukar gaskiya."

Ta ce, "Ka faɗa jiya da lasifika, wa ya yarda?"

Mai keke ya yi hon a waje. Ta miƙe ta ɗora mini kwalin a hannu, ta raka ni har ƙofar gida. Na shiga keke, na gyara jakata a cinya, sai ta sunkuyo ta rage murya kamar mai ba da sirrin kasuwa.

"Bulama ya ce za a riƙa yi duk shekara. In ka zo, kada ka faɗa ta wajen katakon nan. Ka faɗa ta arewa. Can laka ta fi yawa."